Kundin aikin 3:08.24: bin diddigin ninƙayar karɓa-karɓa ta maza, mita 4x100 da 4x200

14 ga Janairu, 2024

Tambaya ɗaya ce ta sa muka buɗe wannan kundi: me ya hana a karya 3:08.24? Minti 3 da sakan 8.24 ke nan, tarihin duniya da Amurka ta kafa a Olamfik ɗin Beijing ranar 11 ga Agusta, 2008, a ninƙayar karɓa-karɓa ta maza huɗu, kowanne mita 100, salon ganin dama. Doka ta bar wa mutum ya yi iyon da ya ga dama, amma a wannan mataki kowa rub-da-ciki yake yi, hannu bi da bi, don babu wanda ya fi shi sauri. Babu sandar miƙawa irin ta 'yan gudu. Na cikin ruwa ya taɓa bango, na kan dakali ya faɗa.

Ga yadda mutum huɗun suka raba lokacin: Michael Phelps 47.51, Garrett Weber-Gale 47.02, Cullen Jones 47.65, Jason Lezak 46.06. In aka tara aka raba huɗu, kowa ya tashi da 47.06. Wannan lambar ce ma'auninmu, kowace tawaga da ita za mu gwada ta.

Amsar da ake saurin bayarwa ita ce riga. Gaskiya ne a 2008 an shiga ruwa da rigunan da ke matse jiki suna rage jan ruwa, kuma daga Janairun 2010 aka hana su. Amma amsar ba ta ƙosar ba. A gasar duniya ta Roma a 2009, lokacin da rigunan roba suka kai ƙololuwa, Amurka ta yi nasara da 3:09.21, wato ba ta kamo lokacin Beijing ba. Sannan tarihin mita 100 na mutum ɗaya, 46.91 da César Cielo na Brazil ya kafa da irin waccan riga a 2009, tuni David Popovici na Romaniya ya sauke shi zuwa 46.86 a 2022 da ɗan gajeren wando. Na mutum ɗaya ya faɗi, na mutum huɗu yana nan.

Aikin kashi biyu ne. Na farko tebur: kowane zagayen ƙarshe na Olamfik da na gasar duniya, zango-zango, daga takardun sakamako na hukuma. Na biyu jagorar karɓa, mataki-mataki, wadda mai koyarwa zai iya riƙewa a bakin kwami. Zuwa yau mun shigar da Sydney 2000, Atina 2004 (inda Roland Schoeman, Lyndon Ferns, Darian Townsend da Ryk Neethling na Afirka ta Kudu suka ci da 3:13.17), Beijing, Landan, Rio da Tokyo. Mafi kusa da Beijing a cikinsu shi ne 3:08.97 na Amurka a Tokyo a 2021.

12 ga Fabrairu, 2024

Jiya a gasar duniya ta Doha Pan Zhanle ya buɗe wa Sin da 46.80, sabon tarihin duniya na mita 100. Ya halatta, domin mai buɗewa daga ƙarar tashi yake farawa kamar tseren mutum ɗaya. Sauran ukun kuwa ko da sun yi 45, ba a rubuta musu shi a matsayin tarihi.

Sin ta ci zinare da 3:11.08, Italiya 3:12.08, Amurka 3:12.29. Cire na Pan, saura 144.28 tsakanin Ji Xinjie, Zhang Zhanshuo da Wang Haoyu, kowanne 48.09 ke nan. Mutumin da ya fi kowa sauri a duniya ya ba su tazarar sakan 0.71 a kan abin da Phelps ya buɗe da shi, amma sun ƙare kusan sakan uku bayan Beijing. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dole a faɗi kuma cewa manyan ƙasashe da dama ba su kawo cikakkun tawagoginsu Doha ba saboda Olamfik na tafe.

Mun gano kuskure a teburinmu, mun gyara. Da farko mun jera zangon buɗewa da sauran zanguna a layi ɗaya kamar abu ɗaya ne. Mai buɗewa yana tsaye cik sai ya ji ƙara, kuma daga ƙarar zuwa barin dakali yakan ci sakan 0.6 zuwa 0.7. Mai karɓa yana ganin abokinsa na zuwa, ya riga ya fara motsi, ƙafarsa ta bar dakali sakan 0.1 zuwa 0.3 bayan taɓawa, ga kuma ƙarfin lilon hannu. Bambancin ya kai rabin sakan ko ya ɗara kaɗan. Yanzu layi biyu ne, kuma duk inda za mu gwada mai buɗewa da mai karɓa, muna ƙara wa na karɓa 0.6 tukuna.

3 ga Maris, 2024

Makon nan na kayan auna karɓa ne, don jagorar ba za ta rubutu ba sai an san abin da na'ura take gani.

A bangon kowane layi akwai allon taɓawa, faɗinsa mita 2.4, tsayinsa santimita 90, wanda 30 ke saman ruwa 60 a ƙasa. Igiyar ruwa ba ta danna shi. Sai an matsa masa da nauyin da ya kai kilo 1.5 zuwa 2.5 yake tsayar da agogo. A saman dakali kuma akwai na'urar da ke jin lokacin da yatsun ƙafa suka rabu da shi. Kwamfuta ta cire wannan daga wancan: in ƙafa ta bar dakali bayan taɓawa, lamba ta fito lafiya, in kafin taɓawa ne, ta fito da alamar ragi. A sama akwai kyamarori masu ɗaukar hoto 100 a sakan, su ake dubawa a tabbatar kafin a yanke hukunci.

Dokar World Aquatics, hukumar wasannin ruwa ta duniya, a taƙaice take: in ƙafafun mai karɓa suka rabu da dakali kafin abokinsa ya taɓa bango, an soke tawagar baki ɗaya. Jiki na iya karkata, hannu na iya wucewa, kai na iya zama a kan ruwa, muddin yatsan ƙafa na manne. A na'urar Omega, kamfanin da ke auna lokaci a manyan gasanni, ana yafe har zuwa ragin 0.03, rarar da aka bar wa na'urar kanta. Ragin 0.04 kora ne.

Misalai biyu za su shiga jagorar. A gasar duniya ta Fukuoka a watan Yulin 2023 an soke Birtaniya tun a zagayen share fage na 4x100, saboda Jacob Whittle ya tashi da ragin 0.04. Asarar ba ta tsaya ga lambar yabo ba: ƙasashe uku na farko a Fukuoka sun sami gurbin Olamfik kai tsaye, Birtaniya kuwa sai da ta je Doha neman nata. A Melbourne a 2007 irin wannan ragi na 0.04 ne Ian Crocker ya yi a share fagen karɓa-karɓar salo huɗu (inda kowane mutum ke yin salon iyo dabam), Amurka ta fita, Phelps ya rasa damar zinare na takwas. Mutumin da ke shigowa bango yana cin kusan mita 2 a sakan, don haka 0.04 santimita 8 ne kacal, kusan tsawon yatsa. Abin takaicin shi ne duka biyun a share fage ne, inda babu abin da ya tilasta gaggawa. Sauri ya haifi nawa.

Matsalar da muka ci karo da ita wajen aunawa da bidiyo: waya mai ɗaukar hoto 30 a sakan tana tsallake 0.033 tsakanin hoto da hoto, ba za ta iya raba 0.03 da 0.04 ba. Mai 60 ma bai wadatar ba. Ana buƙatar 120, gara ma 240, inda kowane hoto 0.004 ne. Kuma dole hannun da ke taɓa bango da yatsun ƙafar da ke kan dakali su fito a hoto ɗaya, daga gefe, kyamara a kafe kan ƙafafunta. Bidiyon talabijin bai cika yin amfani ba, don sau da yawa daidai lokacin taɓawa ake sauya kyamara. Mun daina ciro lokacin karɓa daga gare shi. Takardar hukuma kawai.

21 ga Afrilu, 2024

An kammala daftarin farko na jagorar karɓa. Ga gundarinsa.

Rabin aikin na mai shigowa ne, kuma shi aka fi mantawa. Ƙwallayen igiyar layi suna komawa ja a mita 5 na ƙarshe. Daga nan babu numfashi, babu ɗaga kai, ƙafa na bugawa da ƙarfi har bango. Taɓawa da ƙarshen yatsu, hannu a miƙe, jiki ya ɗan kishingiɗa gefe don a ƙara tsawo, a danna tsakiyar allo a ƙarƙashin ruwa. Kurakuransa uku ne. Ko ya ga bango ya yi nisa da hannu ɗaya ya sulale yana jira, sai gudunsa ya mutu, abokinsa kuwa ya riga ya tafi. Ko ya ƙara wani ɗan guntun hannu da ba a zata ba. Ko ya shafa allon a hankali, ko ya kama saman bango, agogo bai tsaya ba sai a dannawa ta biyu. A duka ukun sunan mai karɓa ne zai fito a takardar kora, alhali laifin daga ruwa ya taso. Bayan ya taɓa, ya nutsar da kai ya manne da bango har abokinsa ya wuce ta samansa.

Mai karɓa yana kan dakali mai tsayin santimita 50 zuwa 75 daga ruwa, ga matokarin ƙafa a baya wanda ake matsarwa. Ya gyara matokarin tun abokinsa na can ɗaya gefen, kada ya bari sai ya matso. Ɗauko gudu daga dandamalin kwami haramun ne, daga kan dakali ake tashi. Tsayuwa iri biyu muka rubuta. Ta farko ƙafafu biyu a bakin dakali, yatsu sun kama gefe, lilon hannu kawai. Ita ce mafi aminci, da ita za a fara wa sabon shiga. Ta biyu ƙafa ɗaya a gaba ɗaya a baya, ana lilo ana kawo ta bayan gaba, a tashi da biyun. Tana ƙara ƙarfi, amma in ƙafar ta sauka ba daidai ba, ko a santsi, ko a tashi da ƙafa ɗaya, ƙarfin ya tafi sama maimakon gaba.

Hannaye a miƙe suna nuna mai shigowa, suna binsa. Baƙin layin da ke ƙasan kwami yana ƙarewa mita 2 kafin bango da wani gicciyen layi mai tsawon mita 1. Idan kan mai shigowa ya iso gicciyen, lilo ya fara: hannaye su yi sama, baya, ƙasa, gaba, zagaye ɗaya ba tsayawa, ƙafa ce ta ƙarshen barin dakali. Wannan mafari ne kawai. Mai dogon hannu yana isa bango da wuri, mai gajeren hannu da yawan jifa yana ɗan jinkiri, don haka kowane mutum biyu da ke bin juna sai sun nemo alamarsu, a rubuta ta. Shi ya sa sauya jerin mutane a daren ƙarshe yake da haɗari.

Babban dalilin tashi da wuri, a ganinmu, daga wurin atisaye yake fitowa. Ana tsayar da mai shigowa a mita 15, da cikakken ƙarfinsa, ya taho a guje, mai karɓa ya saba da wannan gudun. Ranar gasa mutumin ya riga ya ci mita 95, hannu ya yi nauyi, yana isowa a hankali fiye da yadda ido ya saba, sai lilo ya riga shi. Don haka muka tsara zaman mako haka: karɓa 6 daga mita 15 don gyara motsi, sannan karɓa 4 bayan cikakken mita 50 da gudun gasa, sannan sau ɗaya a mako biyu cikakken mita 100. Abin nema 0.15 zuwa 0.30. Duk abin da ya gaza 0.10 a atisaye kuskure muke ƙirga shi, ko da doka ta yarda, domin hayaniyar 'yan kallo za ta cinye ragowar. A share fage kuwa 0.30 zuwa 0.40 ya isa.

Lissafin ribar: karɓa uku ce a tsere. In an sauko da kowacce daga 0.35 zuwa 0.20, an sami sakan 0.45 ba tare da kowa ya ƙara ƙarfin iyo ba. Daga 0.20 zuwa 0.05 ma 0.45 ne, amma can ana caca ne da aikin shekara huɗu, ba mu ba da shawararsa ba.

Saura shiga ruwa. Mai buɗewa ruwa a kwance yake samu, sauran kuwa cikin igiyar ruwan da mutum takwas suka turo bango suke faɗawa. A shiga ta rami ɗaya, hannu kan hannu, kai tsakanin damatsa, a wuce ta ƙarƙashin igiyar ana kaɗa ƙafafu a haɗe, kai ya fito kafin mita 15. Wanda ya ɓullo da wuri da igiyar zai yi karo. Mun ƙara doka ɗaya a ƙarshen shafin: kada kowa ya faɗa ruwa don murna sai duk tawagogi sun gama. Matan Ostireliya sun taɓa bango na farko a 4x200 a Fukuoka a 2001, suka rasa zinaren ta wannan hanya.

9 ga Yuni, 2024

Babin jerin mutane. Al'ada ita ce na biyu a sauri ya buɗe, mafi sauri ya rufe. Ostireliya ta ci Sydney 2000 da Michael Klim ya buɗe da tarihin duniya, 48.18, Ian Thorpe ya rufe, karon farko da aka kayar da Amurka a wannan tsere a Olamfik. Sin kuwa Pan take sakawa a gaba don 'yan bayansa su sami ruwa mai tsabta. Duka biyun suna da hujja. Abin da ba shi da hujja shi ne saka wanda ba ya iya riƙe kansa a zangon ƙarshe.

Mun sake zama kan zangon ƙarshe na Beijing, hoto-hoto. Bayan mutum uku Faransa na da 2:21.59, Amurka 2:22.18, tazarar 0.59, ta fi mita ɗaya. Alain Bernard ya faɗa a layi na 5, Lezak a na 4. Bernard ya ci mita 50 na farko a 21.27, Lezak 21.50, tazarar ta ƙaru. Bayan juyi Bernard ya matso jikin igiyar da ke tsakaninsu, Lezak ma ya manne da ita daga nasa ɓangaren, kansa daidai ƙugun Bernard, yana hawan igiyar ruwan da ƙaton jikin ke turowa. Daga mita 15 na ƙarshe jifan hannun Bernard ya gajarce, ƙugunsa ya fara nutsewa. Ya dawo a 25.46, Lezak a 24.56. Faransa 3:08.32, Amurka 3:08.24: sakan 0.08, kusan santimita 16.

Abu biyu muka ɗauka zuwa jagorar. Wanda ke gaba ya tsaya tsakiyar layinsa, ko ya karkata nesa da mai binsa. Kuma tazarar rabin farko da na biyu: ta Bernard 4.19, ta Lezak 3.06. Bernard 46.73 ya yi, lokaci mai kyau ƙwarai, sai dai ya kashe kuɗinsa tun kasuwa ba ta ci ba. Bayan shekara huɗu a Landan Faransa ta rama, Yannick Agnel ya kamo Ryan Lochte da 46.74 a kan 47.74.

28 ga Yuli, 2024

Paris, jiya da dare. Amurka 3:09.28: Jack Alexy 47.67, Chris Guiliano 47.33, Hunter Armstrong 46.75, Caeleb Dressel 47.53. Ostireliya 3:10.35, Italiya 3:10.70, Sin ta huɗu da 3:11.28 duk da Pan ya buɗe da 46.92.

Zango na uku ne ya ci tseren. Armstrong ya miƙa wa Dressel tazarar kusan sakan biyu, shi kuma bai buƙaci matsawa ba. 47.53 ɗinsa na karɓa ya fi 47.26 da ya yi daga tsaye a Tokyo nawa. Da ya yi 46.48, da tarihin ya faɗi, kuma wannan ba lokaci ne da ya fi ƙarfin mutum ba, don a layin kusa Kyle Chalmers ya rufe wa Ostireliya da 46.59. Ya karɓa yana bayan Italiya da 0.12, ya taɓa yana gabanta da 0.35. Matsalar Ostireliya a gaba take: Jack Cartwright 48.03, Flynn Southam 48.00, Kai Taylor 47.73.

Sauran ukun Sin sun tashi da 48.12 kowanne, kusan abin da suka yi a Doha. Wata biyar da rabi, babu abin da ya motsa.

Ana ta magana kan zurfin kwamin La Défense, inda ake ninƙayar Olamfik ɗin Paris, mita 2.15, alhali an saba da mita 3 a manyan gasanni, kuma ruwa marar zurfi ya fi dawo da igiya daga ƙasa. A karɓa-karɓa abin zai fi tasiri saboda ruwan a hargitse yake daga zango na biyu. Mun ƙara layin zurfin kwami a tebur.

5 ga Agusta, 2024

A wannan kwamin dai Pan ya yi 46.40 a mita 100 na mutum ɗaya ranar 31 ga Yuli, jiya kuma ya rufe wa Sin karɓa-karɓar salo huɗu da 45.92. Lambar Lezak, 46.06, ta sauka daga saman teburinmu bayan shekara 16. Layin zurfin kwami zai zauna, amma ba za mu jingina bayani a kansa ba.

Mun buɗe shafin 4x200. Tarihinsa 6:58.55 ne na Amurka a Roma 2009, kowane mutum 1:44.64. Beijing 6:58.56. Birtaniya a Tokyo 6:58.58. Lokuta uku cikin 0.03. Ranar 30 ga Yuli Birtaniya ta sake cin zinare da 6:59.43, da mutum huɗun Tokyo ba a sauya ko ɗaya ba, jeri kawai aka taɓa: James Guy 1:45.09, Tom Dean 1:45.28, Matt Richards 1:45.11, Duncan Scott 1:43.95. Amurka 7:00.78, Ostireliya 7:01.98. Dubi ukun farko, tsakaninsu 0.19 ne kawai.

Jagorar karɓa na buƙatar gyara don wannan tsere. Wanda ya ci mita 195 ya fi na 100 mutuwar hannu, don haka alamar lilo ta matso kusa da bango. Kuma kuskuren da ya fi yawa a nan ba a karɓa yake ba, a mita 50 na farko yake: mutum ya faɗa yana son ya kamo na gabansa nan take, ya biya bashin a mita 50 na ƙarshe. Tazarar sakan ɗaya a 4x200 a tsawon kwami huɗu ake cinye ta.

15 ga Disamba, 2024

A Budafes Amurka ta yi 3:01.66 a kwamin mita 25, sabon tarihin duniya na ƙaramin kwami. Mun ajiye shi a shafi dabam. Can juyi uku ne a kowane zango maimakon ɗaya, kowane juyi da turin bango da tafiyar ƙarƙashin ruwa, lokutan ba sa gwaduwa da namu.

28 ga Yuli, 2025

Singafo. Ostireliya 3:08.97, tarihin gasar duniya, daidai da lokacin Amurka na Tokyo. Southam 47.77, Taylor 47.04, Max Giuliani 47.63, Chalmers 46.53. Italiya 3:09.58, Amurka 3:09.64.

Wannan tseren ya amsa mana abu mai yawa. Chalmers bai sauya ba: Tokyo 46.44, Fukuoka 46.56, Paris 46.59, Singafo 46.53, zango huɗu cikin shekara huɗu, duk cikin 0.15. Ukun da ke gabansa ne suka sauko daga 2:23.76 a Paris zuwa 2:22.44. Sakan 1.32 daga cikin 1.38 da tawagar ta rage, daga wurinsu ya fito. Taylor shi kaɗai ya zubar da 0.69.

Amurka ce ke gaba bayan mutum uku da 2:21.70 (Alexy 47.24, Patrick Sammon 47.03, Guiliano 47.43), wanda ya fi 2:22.18 na Beijing da kusan rabin sakan. A daidai wannan wuri tarihin yana hannunsu: 46.53 ake nema daga mai rufewa, lambar da Chalmers ya yi a daren. Jonny Kulow ya yi 47.94. Ba za mu ɗora masa nauyi ba, tawagar Amurka ta iso Singafo da ciwon ciki da ya kama da yawansu a sansanin atisaye a Tailan, kuma zangon ƙarshe da Chalmers a bayanka wuri ne mai wuya ga kowa.

Italiya ce ta fi burge mu: Carlos D'Ambrosio 47.78, Thomas Ceccon 47.10, Lorenzo Zazzeri 47.36, Manuel Frigo 47.34. Babu 46 ko ɗaya, babu 48 ko ɗaya, kuma ga azurfa. Fukuoka azurfa, Doha azurfa, Paris tagulla, Singafo azurfa, Tokyo ma azurfa. Abin da ya rage musu mutum ɗaya ne mai 46 da rabi.

Yanzu saura 0.73, wato 0.18 ga kowane mutum. Siffar tawagar da za ta karya shi ta fito a tebur: mai buɗewa ƙasa da 47.5, biyu na tsakiya kusa da 47.1, mai rufewa kusa da 46.5. Jimla 3:08.2. Kowanne daga cikin waɗannan lokuta an yi shi a Singafo a dare ɗaya, sai dai a layuka dabam-dabam.

3 ga Agusta, 2025

An shigar da 4x200 na Singafo: Birtaniya 6:59.84, Jack McMillan a gurbin Dean, Scott ne ya rufe, Sin 7:00.91, Ostireliya 7:00.98. Nan ma tarihin 2009 bai motsa ba.

Layin lokacin karɓa ne kawai bai cika ba a tebur. Na shekarun baya-bayan nan yana cikin takardun hukuma, ana kwafe shi tawaga-tawaga, karɓa uku sau takwas, lamba 24 a kowane zagayen ƙarshe. In ya kammala za mu cire shi daga lokacin kowane zango, a ga nawa ne daga cikin 0.73 ɗin yake kan dakali, nawa ne a cikin ruwa. Babin 4x200 na jagorar yana jiran sabuwar alamar lilo, wadda za a gwada da kyamara mai hoto 240 bayan cikakken mita 200. Gasar duniya ta gaba a babban kwami Budafes ce a 2027, sai Olamfik ɗin Los Angeles a 2028, an riga an buɗe musu shafi.